Mu Uku Ne A Cikin Jirgin

A tsakiyar ruwa labarin mutuwar mawaƙin ya same ni, da hantsi, ina ɗauke da mutum tara da buhun taki biyu da akuya. Ni mai fito ne. Idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya shafe hanyar da ta haɗa ƙauyenmu da titin Guri, ni nake haye da mutane a jirgina. Da rani in koma gonar alkama da ɗan kamun kifi. Abin da na tarar babana yana yi ke nan, ban san wani aiki ba.

Wata mata ce mai goyo a gaban jirgin ta kara waya a kunne. Ban ji abin da aka faɗa mata ba. Na dai ga ta saki baki, sai ta miƙe tsaye, abin da kowa a garinmu ya san ba a yi a cikin jirgi. Muka karkata, ruwa ya shigo ta gefe ya jiƙa takin mutane.

Na ce, "Zauna, baiwar Allah. Ko wa ya mutu, zauna tukuna."

Ta zauna tana salati. Dattijon da ke riƙe da akuyar ya tambaye ta ko mahaifinta ne. Ta girgiza kai, ta faɗi sunan mawaƙin. Ba zan rubuta sunan a nan ba, ya riga ya tafi, a bar shi ya huta. Kafin in zare gwangwala daga laka in sake kafa ta, mata uku suna kuka. Mai takin, ƙaton magidanci da gemu, ya juya mana baya yana share ido da hularsa. Dattijon ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ɗan garinku ne?" Duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin mutumin ido da ido. Ni kaɗai na taɓa ganinsa, kuma ni ban yi kuka ba.

Ga yadda aka yi na san shi. Shekara goma sha wani abu kafin wannan ranar, 'yan fim suka zo daga Kano da motoci biyu, suna neman inda ruwa ya shimfiɗa da furen bado don su ɗauki waƙa. Mai unguwa ya nuna musu ni, saboda a lokacin jirgina ne sabo. Aka zaunar da mawaƙin a gaba, aka sa wata yarinya 'yar fim a tsakiya da laima, ni a baya da filafili. Mai ɗaukar hoton yana cikin wani jirgin daban. Wuni guda muka yi muna kai da kawo a gurbin tsamiya, wani wuri mai zurfi da ruwa ke juyawa a ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya.

Ɗan ƙaramin mutum ne, yana fama da mura ranar, kuma tsoron ruwa yake ji sosai. Da zarar an kashe na'ura sai ya kama gefen jirgi da hannu biyu ya tambaye ni ko akwai kada. Da azahar ya ci tarwaɗa tare da mu a ƙasa, ya siɗe yatsunsa. Can da yamma mai ɗaukar hoton ya yi ƙorafin na ɗaure fuska. Mawaƙin ya waiwayo ya ce, "Haba Malam, yi dariya mana, ai ba gawa ka ɗauko ba." Na yi dariya. Dariyar nan ita suka sa a cikin waƙar. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa maiɗakina ba ita ce, lokacin da nake dariyar yarinyar nake kallo.

Da waƙar ta fito na yi alfahari, ba zan ɓoye ba. Aka sa mini suna ɗan fim. Idan ana biki a ƙauyukan nan aka kunna ta, sai a nuna ni da baki. Na sayi faifanta alhali ba ni da abin kunnawa, na naɗe a tsumma na sa a ƙasan akwati. Bayan wajen shekara huɗu muka ji yarinyar ta bar fim ta yi aure, ta rasu wurin haihuwa. Muka ce Allah ya jiƙanta. Ban kawo komai a raina ba.

To, ranar da mawaƙin ya mutu, muna isa gaɓa na tarar da taubashina a tsaye da kwalayen bandar kifi yana jiran in haye da shi. Ɗan ƙanwar babana ne, dillalin kifi. A ƙa'ida shi ne bawana tunda ɗan mace ne, amma bakinsa ya fi nawa kaifi, tun muna yara ya juya abin ya ce ni ne nasa. Duk abin da ya faɗa mini ba ni da ikon yin fushi, haka al'adar take.

Ya ce, "Bawana, ka ji labari?"

Na ce na ji.

"Tsaya in tambaye ka. Ku nawa ne a cikin jirgin nan?"

Ya ɗaga yatsu uku a gaban mutane. Ya lanƙwasa ɗaya, ya ce yarinya. Ya lanƙwasa na biyu, ya ce mai waƙa. Ya bar na ukun a tsaye yana kaɗa mini shi a fuska.

"Saura direba."

Har matan da ke kuka sai da suka yi dariya da hawaye a fuskarsu. Ni ma na yi. Na ce masa in na tafi sai ya ɗora ruɓaɓɓen kifinsa a ka ya yi iyo.

Na san ajali ba ya bin layi. Karatun boko aji huɗu na tsaya, amma wannan na sani tun ina ƙarami, ba sai an faɗa mini ba. Sanin bai hana ni komai ba. Tun daga ranar na daina bi ta gurbin tsamiya. Sai in zagaya ta cikin kacala, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe mana rabin kogi, hanyar da ta fi tsawo sau biyu. Fasinjoji su yi ta mita, in ce musu ruwa ne ya canza hanya. Ni da na yi shekara talatin a kan ruwan nan, na koma ina leƙa ƙasan jirgi kowane fito ina neman inda ya tsage. Wata rana gwangwala ta liƙe a laka, abin da ke faruwa kullum, na saki na zauna daɓas ina haki. Sai da mai wani jirgin ya zo ya zaro mini ita.

Abin da ya ƙara dagula ni shi ne waƙar. Mutumin yana da waƙoƙi da yawa, amma ta ruwan nan aka fi kunnawa bayan ya mutu, wai ita ce mai sa kuka. A teburin mai shayi ita ce. A bayan acaɓa ita ce. Masu yankan shinkafa su rataye waya a wuya, ita ce. Mutum ya shigo jirgina ya zauna, ya duƙar da kai yana kallon waya yana hawaye, sai ya ɗago ya dube ni, ya sake duba wayar. Kallon ne ba na so. Ba kallon da ake yi wa ɗan fim ba ne. Irin kallon da ake yi wa mara lafiyar da aka dawo da shi daga asibiti ba a ce komai ba.

Wata tsohuwa ta ƙi shiga jirgina, ta ce za ta jira na gaba. Wasu 'yan mata kuma suka yi hayar mota takanas daga Haɗeja don su ga inda ya zauna. Ɗaya ta shafa katakon ta fashe da kuka har sai da 'yan'uwanta suka riƙe ta. Ban faɗa musu cewa an canza katakon wurin sau biyu ba. Na tsaya ina kallonsu ina tunanin ko uwata da ta rasu ban yi mata irin wannan kukan ba. Ban ce ƙarya suke yi ba. Kukan gaske ne, na ga idonsu. Ni dai ban gane shi ba, kuma nawa abin ba kuka ba ne.

Ranar kasuwar Guri wani mai wa'azi ya kafa lasifika. Ya ce duk mai ƙaunar mamacin ya goge waƙoƙinsa da hotunansa daga waya, domin duk lokacin da aka kunna ana rubuta masa zunubi, yana kwance a kabari ba ya iya hanawa. Na ga mutane a tsaye suna gogewa suna sharar hawaye. Wani ɗan acaɓa ya zare ɗan katin wayarsa ya karya da haƙori. Kafin la'asar na sake jin waƙar tana tashi daga wata rumfa.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne, to mai tuƙin fa? In ana rubuta wa na gaba, ana rubuta wa ta tsakiya, wa ya ce an manta da na baya? Su biyu sun riga sun je sun ga abin da ke can. Ni ne ban je ba, kuma an ce saura ni.

Na je wurin limamin ƙauyenmu, tsoho ne, abokin babana. Na same shi yana gyaran tabarma.

Ya ce, "Ka tuba?"

Na ce na tuba.

"To me kake nema kuma?"

Na ce a daina kunnawa.

Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Ya ce malamai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan maganar, kuma ni sana'ata na yi, mutane na haye da su. Na ce, "Malam, na yi dariya a ciki. Kuma ba ruwa nake kallo ba." Ya ci gaba da jan zaren tabarmarsa. Can ya ce in yawaita istigfari, Allah mai gafara ne, kuma in daina jin maganar dillalin kifi. Na gode masa na fito. Tsoron ya biyo ni har gida.

Ina shiga na buɗe akwati na ɗauko faifan na jefa a wutar da maiɗakina ke bandar kifi. Wari ya tashi.

Ta ce, "Malam, me ka sa mini a wuta?"

Na faɗa mata.

"Shekara goma kana ɓoye abu kamar zinariya, yau kuma a kan kifina ka ga ya dace ka ƙona shi?"

Ta kwashe kifin tana faɗa. Can sai ta daina, ta tsaya tana kallona. Ta ce tun mako biyu ba na cinye tuwona. Na ce ina da tafiya Haɗeja gobe.

Ga abin da na shirya a raina. Duk waƙar da ke cikin wayoyin ƙauyukanmu daga wurin mutum ɗaya take fitowa, wani mai rumfa da kwamfuta a kasuwar Haɗeja. Duk wanda zai shiga gari, katin waya ake ba shi ya kai a tura waƙoƙi a ciki. Sai na ɗauka abin kamar irin shinkafa ne: in aka ƙona uwar irin da ke rumbu, na gonaki zai ƙare da kansa in an yi shekara biyu uku. Wayoyi suna lalacewa, suna faɗawa ruwa, ni shaida ne. In babu inda za a sake ɗebo ta, shi ke nan.

Na sa rigata ta Juma'a, na hau acaɓa zuwa titi, na shiga mota, a cikin gari na hau adaidaita har bakin kasuwa. Na same shi, mutum ne kamar ɗan shekara arba'in, da tabarau, duk ya gaji. Ya liƙa hoton mamacin a jikin rumfarsa. Ina yin sallama ya ɗago, ya cire tabarau.

"Ashe kai ne mai jirgin."

Kafin in zauna mutane sun taru, kowa ya ɗaga waya a kaina. Na rufe fuska da hula na ce su bari. Shi ya kore su, ya ba ni benci da ruwa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba, har maganar yatsu uku. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce shi ma ranar da labarin ya zo rufe rumfa ya yi ya tafi gida, matarsa ta zaci wani nasu ne ya rasu. Ya ce da muryar mutumin nan ya yi zawarcin uwar 'ya'yansa.

Ya juyo mini da kwamfutar ya ce in duba. Ya nemo waƙar, ya danna, ta ɓace. Ya ce ya goge. Har na fara yi masa addu'a. Sai ya ce, "Baba, tsaya. Ba na so in cuce ka." Ya ɗauki wayarsa ya taɓa sau biyu uku, sai ga jirgina, ga bado, ga laima.

Na ce ba ka ce ka goge ba?

"Tawa na goge. Wannan daga sama na jawo ta yanzu. Ba a wurina take ba, Baba. Babu wani ɗaki da aka ajiye ta. Mutumin Legas zai jawo, na Makka zai jawo. Ko duk wayoyin Haɗeja aka zuba a kogi tana nan."

Ya nuna mini wani dogon lissafi a ƙarƙashinta, ya ce yawan kunnawar da aka yi ke nan. Ban iya karanta shi ba, ya yi tsawo. Na tambaye shi ko akwai wanda ake zuwa wurinsa a roƙa. Ya ce ko akwai, wasu sun kwafa sun sake ɗorawa, kuma ba za su san ni ba.

Muna cikin haka wata mata ta zo da hoton yayanta da ya rasu, tana so a rubuta addu'a a ƙasansa ta tura wa dangi. Ya yi mata cikin minti kaɗan. Ya ce mini yanzu rabin aikinsa ke nan, ba a rasuwa sai an ɗora hoto. Na ce to wanda ba shi da hoto fa? Ni dai ban san ina da wani ba, in ban da na katin zaɓe da ruwa ya cinye.

Ya ce, "Kowa yana da shi. Kai ma ga naka."

Ya tsayar da waƙar daidai kaina. Ga ni da ƙuruciyata, baki a buɗe, haƙora a waje, ido ya karkata wajen laima. Ba da mugunta ya yi ba, nuna mini kawai yake yi. Na gane ranar da aka ɗauke ni zuwa maƙabarta wannan fuskar za ta zagaya wayoyin Guri da Haɗeja, da addu'a a ƙarƙashinta, kuma duk wanda ya gani sai ya nemo waƙar ya kunna don ya ji tausayina. Ranar da na fi buƙatar a yi shiru, ranar za a fi kunna ta.

Na daɗe a kan bencin. Sannan na tambaye shi inda mai hoto yake.

Layi biyu ne tsakaninsu. Mai hoton ya tsayar da ni gaban wani labule mai zanen masallaci, ya gyara mini hula. Ya ce, "Saki fuska, Baba." Na ce a'a, wancan karon da aka ce in saki ga inda ya kai ni. Ya wanke mini guda biyu.

Ɗaya na ba maiɗakina, na ce ta sa a inda faifan yake da. Ta duba ta ce Allah ya sa a daɗe ba a nema ba, ta juya ta shiga ɗaki. Ɗayan na ajiye wa taubashina, domin shi ne mai babbar waya a danginmu, kuma na san shi zai fara ɗorawa.

Washegari da safe ya zo fito. Na bari sai da muka rage mu biyu a gaɓa, na miƙa masa. Ya riƙe nesa da fuskarsa ya ƙare masa kallo.

"Bawana, wannan ai kamar an kama ka da akuyar mutane."

Na ce ya ɗauka a wayarsa. Na ce ranar da na mutu wannan zai ɗora, ba wancan ba. Wanda duk ya ɗora wancan ya bi shi ya roƙe shi ya sauke, ko a ina yake. Kuma kada a kunna waƙar a ƙauyenmu har a yi sadakar uku. Na ce amana ce na ba shi.

Ya buɗe baki zai yi wata maganar, sai ya dubi fuskata ya fasa. Ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba sai ranar.

Ya ce, "Ɗan kawu, wasa fa nake yi."

Na ce na sani.

"Wa ya ce maka ba ni zan riga ka ba? Kai ko hawan jini ba ka da shi."

Na ce in ya riga ni sai ya bar wa wani saƙon. Ya ɗauki hoton a wayarsa, sai da ya sake sau biyu. Sannan ya nemo waƙar ya goge a gabana. Ban faɗa masa cewa gogewar ba ta kai ko'ina ba. Muka haye.

Damina uku ke nan da yin haka. Masu kukan sun daina, wani ya mutu a bayansa sun koma kansa. Ni har yanzu ta cikin kacala nake zagayawa. Kuma ina da doka a jirgina, kowa ya sani: duk wanda ya kunna waƙar nan, sai in kafa gwangwala in tsaya, ko a tsakiyar ruwa ne, har ya kashe. Kwanan baya wata baƙuwa ta kunna ƙasa-ƙasa, na tsaya. Ta ce, "Baba, tuna shi nake yi, addu'a zan yi masa." Na ce ta yi masa da baki, ni ma zan ce amin. Ta kashe, muka wuce.

Taubashin nawa ya koma bakinsa na da, amma bai sake ɗaga mini yatsa ba. Ya canza waya sau biyu, kowane karo sai ya kai an mayar masa da hoton. Ranar kasuwa in ya shigo da kwalayensa yakan zaro wayar ya nuna mini.

"Ga ɓarawon akuyarka nan, bawana. Har yanzu zaman banza yake yi."

Nakan ce ya riƙe wayar da kyau kada ta faɗa ruwa.